Hannu Na Uku

Shekara talatin da ɗaya ina saman ƙugiya
a tashar jiragen ruwan Busan,
ni da sanduna biyu da gilashin da gishiri ya dusashe,
ina zaro kwantena daga cikin jirgi
kamar mai zare ƙaya daga tsokar kifi.
Ran sallama aka ba ni agogo da furanni.
Hannuwana kuwa ba wanda ya sallame su:
kullum asuba suna motsi kan bargo,
suna laluben abin ja.

Da-som, jikata, ita ta lura.
Ta ce, "Kaka, sa takalmi."

Shagon Madam Eom yana ƙarƙashin bene,
tsakanin mai gyaran waya da mai suyar wainar kifi.
Hannayen gem reras a bango
kamar kaguwar da aka shanya.
Da-som ta nuna wani mai fitila bakwai, yana ta ƙifce.
Na ce, "Yarinya, ba biki za ni ba."

Uku aka ajiye mini kan kanta.
Na farko sakayau, kwalin ashana ba ashana;
abin da ba nauyi ban taɓa ba shi amana ba.
Na biyu ba igiya, sai caji, sai wani ƙulle-ƙulle
da aka yi mini bayaninsa sau biyu
ina gyaɗa kai irin na ƙadangare.
Na uku baƙi, igiyarsa gaba ɗaya da rabi,
ya zauna cikin tafina daram.
Na tura 'yar sandar hagu da babban yatsa,
ta je, ta dawo tsakiya, ba rawa, ba gardama.
Na sake turawa, sannu, rabin hanya,
ta tsaya inda na ce ta tsaya.
Nan ake gane na ƙwarai.
Gudu kowa ya iya.

"Jonawa kawai," in ji Madam Eom.
"Ba faifai, ba sauke komai.
Ka cusa bakin, kwamfuta ta gane shi."
Na ce, "Ya fi ni farin jini.
Ni wata shida na yi kafin ƙugiya ta gane ni."
Ta rage mana won dubu biyu don dariyar da ta sha.

A gida na cusa bakin, ya ƙi.
Na juya, ya ƙi.
Na mai da shi yadda yake da farko, ya shige.
Kwamfuta ta yi 'yar ƙara guda,
shi ke nan, gaisuwa ta ƙare.

Wasan lodi ta buɗe mini: jirgi, teku, jar ƙugiya.
Tekun ba ƙarni, iskar ba ta kaɗa kujera.
Kwantenar farko na tsunduma ta a ruwa.
Ta biyu na sauke ta kan motar wani
da bai ji ba bai gani ba.
Abin ya yi kyarma a hannuna, saura ƙiris in yar.
"Faɗa maka yake ka yi karo," in ji ta.
A ta uku na daina kallon yatsuna.
Kaya ya yi lilo, na jira lilon ya zo gare ni,
kusurwa huɗu suka taɓa ƙasa tare,
ko ƙwas.

Da-som ta yi tsit.
Ta karɓa, ta zubar da lodi biyar a jere.
Na ce, "Ba fizga ake ba. Lallashi ake."
Ranar Asabar ta dawo, ta zubar da uku kacal.

Agogon yana cikin durowa, ban san ko yana tafiya ba.
Madannin dama ya fara sulɓi, ya ɗauki siffar yatsana.
In na gama, nakan naɗe igiyar da kyau,
zobe kan zobe, yadda ake yi a bakin ruwa,
in ajiye shi daf da gado
inda hannu zai same shi kafin ido ya buɗe.